Domin gida nake karatu, rayuwar wani nake yi ke nan?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a aji biyu na jami'a, daga Rafindadi a Katsina. Aikin jinya nake karanta saboda Baba ne ya zaɓa mini, ga ƙanne huɗu da suka zuba mini ido. Wata ƙawata mai yawan kallon masu ba da shawara a YouTube ta ce duk wanda bai bi son ransa ba, rayuwar wani yake yi. Maganar ta tsaya mini a rai.

Amsa: 'Yata, maganar ƙawarki tana da asali. A 1991 masana halayyar ɗan Adam biyu, Hazel Markus da Shinobu Kitayama, suka bayyana cewa al'ummu ba sa kallon "ni" iri ɗaya. A Amurka an fi ɗaukar mutum a matsayin mai cin gashin kansa, abin da yake so shi ne shi. A Japan kuwa mutum yakan ga kansa ne ta cikin alaƙarsa da mutane. Ke kin san inda muka fi karkata. Saurayi ya zo zance ƙofar gidanku, kafin a tambayi me ya karanta sai an tambayi ɗan gidan wa ne. Ai ba banza ake yi wa Katsina kirari da ɗakin kara ba.

Akwai gwajin da nake son ba ɗalibaina labari. A 1999 Sheena Iyengar da Mark Lepper suka ba yara 'yan firamare a Amurka wasan haɗa kalmomi. 'Ya'yan Turawa sun fi zage damtse idan su suka zaɓi wasan da kansu. Yaran da iyayensu suka fito daga Asiya kuwa sun fi ƙoƙari da aka ce musu mahaifiyarsu ce ta zaɓa. A wurinsu uwa ba bare ba ce, zaɓinta nasu ne.

Haka a 2008 Michael Steger da abokan aikinsa suka kwatanta ɗaliban Amurka da na Japan. A Amurka, mai yawan neman ma'anar rayuwa yakan zama wanda bai same ta ba. A Japan nema da samu tare suke tafiya. Saboda haka tambayar da ta hana ki sukuni ba shaida ba ce cewa kin ɓata hanya.

Sai dai kada in yi miki daɗin baki. Yin abu domin gida kala biyu ne, kuma na ga dukansu a ofishina. Akwai ɗalibar da idan ta tuna ranar da za ta biya wa ƙaninta kuɗin makaranta sai fuskarta ta washe. Akwai kuma wadda ba abin da ke riƙe da ita a aji sai tsoron "me mutane za su ce". Ta farko ta mayar da burin gidansu nata. Ta biyu kunya ce kawai ke jan ta, ita ce kuma nake gani ta rame tun kafin aji uku.

Idan kin koma asibiti koyon aiki, ki lura da kanki lokacin da kike auna wa wata tsohuwa jini tana sa miki albarka. In kin ji daɗi, ki riƙe karatunki. In kullum agogo kike dubawa, ki samu gwaggo ko kawun da Baba ke jin maganarsa, ku zauna tun shekarar karatu ba ta yi nisa ba.