Amsa ga ɗana kan jiran sa zare

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce wata biyar ke nan kana bin maigidanka gidan dambe, kana ɗaukar masa ruwa da zare, amma har yau bai bar ka ka shiga fili ba. Kana tambaya ko al'ada ce ko raini, har ka fara tunanin bari.

Al'ada ce, kuma da dalilinta. Dambe tun asali wasan mahauta ne, da kaka ake yin sa bayan amfanin gona ya shiga gida, kuma yaro yana fita ne da sunan wanda ya rene shi. Shi ya sa kake jin Shagon wane, Autan wane. Ran da aka buge ka, sunansa ne ya sha ƙasa, har da na ɓangarenku, Arewa ne, Kudu ko Guramada. Ba zai yi gaggawa ba.

Ƙafarka yake dubawa kafin hannu. Da zarar hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an yi kisa, wato an ci ka a wasan, ko da ba naushi ne ya kai ka ba. Sabon shiga yakan zuba nauyinsa a ƙafar gaba, ya kai duka bai samu ba, sai ya dafa ƙasa da kansa. Maganin wannan gudu ne bayan sallar asuba, da tsallen igiya, da koyon tsayuwa: ƙafafu a ware, gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyi ya rinjaya baya. Turmi uku ake yi, wato zagaye uku, wanda numfashinsa ya ƙare a na biyu kuwa garkuwarsa ce ke fara sauka.

Garkuwar nan, wato hannun gaba da ake miƙewa tafi a buɗe, da ita ake auna tazara, da ita ake tare fuska. Ka riƙa tsayar da ita minti biyu, ka huta, ka sake, har kafaɗa ta saba.

Ɗaukar zaren da ka raina ma karatu ne. Ka zuba ido yadda ake naɗe dunƙulallen hannu da ƙyalle tukuna, sannan zare ya biyo a kai har wuyan hannu. In ya matse da yawa jini ya tsaya, yatsu su mutu. In ya yi sako-sako ya zame, a samu targaɗe. Buhun yashi kuma da sannu ake fara dukansa.

Kalangu da kirari suna tsima yaro ya yi tsalle cikin fili lokacinsa bai yi ba, kuma layu ba sa tare naushi. Duk ranar da aka same ka a kai har ka ji jiri ko amai, asibiti za ka, kada ka koma horo sai likita ya yarda.

Ka sami maigidanka shi kaɗai, ka durƙusa ka gaishe shi, ka tambaye shi abin da ya rage maka. In ya ba ka izini, ka roƙi a haɗa ka da sa'anka a jiki. Ka gaida mahaifiyarka.