Me ya sa rodi ke tsada alhali muna da Ajaokuta?

Malam, ka tambayi inda Ajaokuta take da rodi ke ta tsada haka. Tun 1979 aka ƙulla yarjejeniyar gina wannan kamfanin ƙarfe da Tarayyar Sobiyet, amma har yau babban tanderunsa bai taɓa narka tamar mahaƙar Itakpe ba. Wannan abu na ci mini rai ƙwarai. Masana'antun murza ƙarfe na Katsina, Jos da Oshogbo an gina su ne su riƙa karɓar sandunan ƙarfe daga kamfanin ƙarfe na Delta da ke Aladja, su mayar da su rodi. Da Aladja ta durƙushe suka bi ta, ma'aikata suka watse.

Yawancin rodin da ake yi a ƙasar nan yanzu daga tarkacen 'yan jari-bola ake narka shi, ga tsadar wuta. Faffaɗan ƙarfen da ake yin kwanon rufi kuwa, galibi da dala ake shigo da shi, gine-gine kuma kullum ƙaruwa suke.