Kujerun tsakar gida sun fara lalacewa

Malam, ka ce kujerunka na katako da ke tsakar gida suna tsagewa, na ƙarfe kuma sun yi tsatsa. Ruwan damina ke kumbura katako, hunturu ya zo ya busar da shi, sai ya dare. Ka goge shi da samfefa, ka shafa fentin mai kafin ruwan farko, ka ɗora ƙafafun kan bulo, don gara daga ƙasa take hawowa. Na ƙarfen kuwa a kankare tsatsar tukuna, fenti kan tsatsa asarar kuɗi ne. Ni na taɓa naɗe nawa da leda ruf, danshi ya taru, suka yi fumfuna. Idan ka ƙwanƙwasa katakon ka ji kamar ganga, gara ta ci cikinsa, sai kafinta.