Tambayoyin waya na da amfani, amma a haɗa da idon na gida

'Yar'uwa, kin tambaya ko tambayoyin da likita ya ce ƙanenki mai lalurar baifola (ciwon ƙwaƙwalwa mai sa mutum ya riƙa sauyawa tsakanin tsananin zumuɗi da ƙuncin rai) ya riƙa cikewa a waya duk mako suna da amfani. Suna da shi ƙwarai. Galibi iri biyu ne: na auna ƙuncin rai, kamar PHQ-9 mai tambaya 9, da na auna tashin zumuɗi, kamar ma'aunin Altman mai tambaya 5. Ranar asibiti mutum kan tuna 'yan kwanakin baya ne kawai, amma wayar ta riƙe makonnin duka, har a gano lokacin da barci ya fara raguwa, wanda sau da yawa yake riga tashin ciwon zuwa.

Sai dai kada ku tsaya ga amsarsa kaɗai. Yayana na da wannan lalura, kuma in ciwon ya taso garau yake jin kansa: ya kwana zaune yana tsara kasuwanci, yana ɓarin kuɗi, amma ya cike cewa lafiya lau. Shi ya sa, da yardarsa, matarsa ke rubuta awannin barcinsa daban, a kai wa likita duka biyun. Kuma ko maki ya yi kyau, kada ƙanenki ya ajiye magani sai da izinin likitansa.