Kafin ka zuba jari a jitar bes, fara duba wuyanta

Wani ƙanenmu mai shagon kayan sauti a Jidda ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum, Yaya. Shekarata shida ina sayar da lasifika da makirfo da amfilifaya. Kwanan nan masu neman jitar bes, wato jita mai kaurin murya, sun yi yawa, yawancinsu makaɗan biki ne 'yan Sudan, sai samari masu koyo. Ina da Riyal 30,000 a ajiye. Wani dillali ya yi mini tayin guda 40 daga Sin, kowace dala 110. Ya ce duk katakon mahogani ne, fentinsu kamar madubi, kuma in ina so za a buga musu sunan babban kamfani. Wani abokina kuma ya ce zai ƙara kuɗi, ya riƙa juya harkar da sijil ɗina, wato rajistar kasuwancina. In shiga ko in dakata?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa nema albarka.

Abu biyu zan fara kawarwa, don ba su buƙatar dogon zance. Kada ka yarda a buga wa kayanka sunan Fender ko Yamaha alhali ba su suka ƙera ba. Jabu ne, ha'inci ne, kuma in kwastan ko jami'an ma'aikatar kasuwanci suka gano, kayan da sunan shagonka duk sun tafi. Abokinka kuma, in ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba shi da lasisin zuba jari, abin da yake kira taimako shi ne hukuma ke kira tasattur, wato baƙo ya ɓuya bayan rajistar wani yana kasuwanci, kuma hukuncinsa yana kai wa ɗaurin shekara 5 da tarar Riyal miliyan 5. Ka ba shi haƙuri cikin mutunci. In haɗin gwiwa kuke so, ku yi shi a rubuce ta hanyar da doka ta tanada.

Yanzu lissafi. Guda 40 a dala 110 dala 4,400 ke nan, a canjin 3.75 ya kama Riyal 16,500. Ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa kwastan da ɗan dakon fito da kaya ba, ba a sa harajin kashi 15 da ake biya tun Yulin 2020 ba. Kafin kwalayen su iso ƙofar shagonka ka wuce 20,000. Wato kashi biyu cikin uku na jarinka zai kwanta a kan kaya iri ɗaya, daga hannun mutum ɗaya, wanda ba ka taɓa riƙe ko guda ɗaya daga cikinsu ba. Cinikin biri a sama ke nan.

Kasuwar dai akwai ta, ban musa maka ba. Tun da aka kafa hukumar nishaɗi a 2016, aka kafa hukumar kiɗa a 2020, masu koyon kayan kiɗa sun fito fili, kuma kai da kanka kana ganinsu a shago. Abin da nake so ka gane shi ne dillalinka ya ja hankalinka zuwa abubuwa biyu da suka fi komai saukin yaudara, katako da ƙyalli, ya yi shiru a kan abin da ke sa makaɗi ya ciro kuɗi ko ya ajiye jita ya fita, wato wuya da saiti.

Bari mu yi maganar katakon, tunda da shi aka zo maka. Kalmar mahogani a takardar kaya masu araha ba ta nufin abu ɗaya. Akwai na asali daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, akwai na Afirka wanda ɗan'uwan maɗacinmu ne, akwai kuma itatuwan Asiya irin su nato da meranti da ake laƙaba wa sunan don sun yi kama a launi. A dala 110, kai ma ka san wanne za ka samu. Kuma ba laifi ba ne jita ta zama ta nato. Laifin shi ne ka biya kuɗin suna, ka kuma faɗa wa mai saye abin da ba haka ba. Gangar jikin yawancin bes na Fender da itacen olda ake yi, wasu da ash, shi ma ash ɗin tun 2020 kamfanin ya rage amfani da shi saboda wani ƙwaro da ke kashe bishiyar a Amurka da kuma ambaliya a inda ake sarar ta. Masu araha sukan zo da fofla ko baswud. In wani ya ce maka baswud "katakon bes" ne na musamman, ƙarya yake. Sunan bishiya ne kawai da ya yi kama da sunan jitar. Ba shi da nauyi, amma yana da laushi, yana lotsawa da ɗan bugu, kuma kusar maɗaurin rataya takan yi sako-sako a jikinsa.

Makaɗa sun daɗe suna gardama a kan yadda katako ke canza amon jitar lantarki. Ra'ayina, bayan shekarun da na yi ina zama da masu gyara: a bes mai araha, maganaɗisun ɗaukar sauti da tsirkiya da amfilifaya da yatsun mai kaɗawa sun rinjayi katako nesa ba kusa ba. Abin da katako ke yi wa cinikinka kai tsaye shi ne nauyi. Makaɗin biki yana tsaye awa uku ko huɗu da jita a kafaɗa. Mai kilo 4 daidai ce, wadda ta haura 4.5 za ka ga ya ɗaga ta, ya jinjina, ya mayar. Ka ajiye sikeli a shago, ka rubuta nauyin kowace a jikin takardar farashi. Wannan ya fi masa amfani da sunan bishiya.

Allon da yatsu ke bi a saman wuya kuma, ko mefil ne mai haske, ko roswud mai duhu. A Janairun 2017 yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa mai kare itatuwa da dabbobin da ke barazanar ƙarewa, ta sa takunkumi a kan dangin roswud gaba ɗaya, shi ya sa kamfanoni da yawa suka koma wasu itatuwa masu kama da shi. A Nuwamban 2019 aka cire kayan kiɗa da aka gama ƙerawa daga takunkumin, ban da roswud na Brazil. Don haka sabbin kaya ba za su ba ka matsala ta nan ba, sai dai in wata rana ka fara cinikin tsofaffin jita masu tsada.

Fenti kuwa iri biyu ne da suka shafe ka. Akwai naitiro, na zamanin da, siriri, wanda masoya tsofaffin kaya ke biya da tsada. Ba ya son sauyin zafi da sanyi, yana tsattsagewa, kuma robar wasu maratayai tana cin sa. Akwai foli, mai kauri da tauri, wanda Fender ma ta koma masa tun ƙarshen shekarun 1960. A garin da mutum zai fito da jita daga ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya jefa ta but ɗin motar da ta wuni a rana, foli shi ne abokinka. Amma ka sani, fenti mai kauri mai duhu yana rufe aibi: guntayen katako biyar da aka manna, ko rami da aka cike. Shi ya sa "kamar madubi" ba shaida ba ce. Abu ɗaya da na lura da shi a nan bakin teku: bayan wuya mai sheƙi yana kama tafin hannu in gumi ya zo, don haka makaɗa da yawa sun fi son wanda aka bari dishi-dishi, mai santsi.

Tsawon tsirkiya shi ne inda 'yan kasuwa suka fi yin kwantai ba su san dalili ba. Ana auna shi daga ƙashin da ke saman wuya zuwa jaki, inda tsirkiya ke zama a gangar jiki. Inci 34, wato milimita 864, shi ne gama-gari tun da Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951, kuma shi ne ƙwararru za su tambaya. Inci 30 gajere ne, irin na Fender Mustang da ya fito a 1966 ko Squier Bronco. Ibanez Mikro ma ya fi shi gajarta, inci 28.6. Yaro ɗan shekara goma sha biyu, ko mace mai ƙaramin hannu, ko wanda ya saba da jita ta yau da kullum, in ka miƙa masa mai inci 34 zai buɗe yatsu a matakin farko, cikin matakan da ƙarafan kan wuya suka raba, ya ji kamar za su tsage, ya ce zai dawo, ba zai dawo ba. Miƙa masa mai inci 30 ka ga fuskarsa. Masu tsirkiya biyar kuma wasu inci 34 ne, wasu 35, don ƙarin incin yana ɗaure tsirkiyar nan mai kauri ta daina lilo. Ka tambayi dillalinka tsawon guda arba'in ɗin nan. Na tabbata duk 34 ne, alhali akwai 'yan koyo cikin masu shigo maka. Kuma kowane tsawo da tsirkiyarsa: in ka ɗaura doguwa a gajeren bes, kaurinta ne zai naɗe a kan maɗaurin, tana iya tsinkewa a nan.

To, ga inda kuɗin yake. Tsirkiya huɗu na bes suna jan wuya da ƙarfin da ya kai kilo 70 ko fiye, dare da rana. Abin da ke hana shi lanƙwasa wata sandar ƙarfe ce da aka binne a cikinsa, ana ɗaure ta ko a sassauta da alanki, wato ƙaramin makullin ƙarfe mai kusurwa shida. In sandar nan ba ta aiki, jitar ta zama kayan ado, ko da da zinariya aka shafe ta. Shekarun baya na shiga tsakani wajen wani sari na guda 12 daga wata masana'anta da ba zan ambata ba. Da mai gyara ya sa alanki, huɗu daga ciki sandarsu ta riga ta kai ƙarshe, ba sauran juyi, wuyan kuma ya yi baka. Mai kayan ya sayar da su ƙasa da uwar kuɗi, ribar sauran takwas ɗin duk ta tafi wajen cike ramin. Abin ya daɗe yana damuna, don gwajin da zai hana wannan asara bai kai minti biyar ba.

Ga gwajin. Ka ɗaure tsirkiyoyin su kai muryarsu. Danne mai kaurin a matakin farko da yatsan hagu, danne ta kuma a matakin ƙarshe da na dama, sai ka leƙa tsakiya, wajen mataki na takwas. Ratar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen matakin ta zama kamar kaurin katin kasuwanci, kusan milimita 0.3. In ta fi haka sosai, ka sassauta tsirkiya, ka juya alanki wajen ɗaurewa rubu'in zagaye kawai, ka bar shi ya huta, ka sake dubawa. In wuyan ya amsa, lafiya. In alanki ya cije ko yana juyawa a banza, ajiye ta gefe. Daga nan ka auna tsayin tsirkiya a mataki na 17: ma'aunin Fender kusan milimita 2.4 ne a ɓangaren mai kauri, 2 a ɓangaren siririya, ana ɗagawa ko saukewa a jaki. Sai ka kaɗa tsirkiya a sake, ka kaɗa ta a mataki na 12, na'urar daidaita murya ta nuna abu ɗaya. In muryar da aka danne ta yi sama, ka ja mazaunin tsirkiyar da ke kan jaki baya. A ƙarshe ka bi gefen wuyan da babban yatsa daga sama har ƙasa. In bakin ƙarafan yana kartar ka kamar haƙoran zarto, katakon ya bushe ya tsuke.

Wannan tsukewar kuwa ita ce cutar ƙasar nan. Katako yana son laimar kashi 45 zuwa 55. Jidda a waje jiƙe take, a cikin shago mukayyif yana busar da iska, Riyad kuma da rani laima tana sauka ƙasa da kashi 20. Jitar da ka saita a Jidda, in ta kwana goma a Riyad ko Madina sai wuyanta ya motsa. Mai saye zai ce ka cuce shi, sai dai in tun farko ka yi masa bayani, ka kuma ce ya dawo da ita cikin wata uku a sake saiti kyauta. Kada ka rataye kaya a bakin mukayyif ko jikin gilashin da rana ke duka, kuma ka sayi ƙaramar na'urar auna laima ka kafa a bango.

Ka ga wannan larura ita ce ribarka. Manyan shagunan intanet za su doke ka a farashi kullum, amma kwali suke aikawa, ba mai buɗewa ya saita. Duk wanda ya saya a can, ko ya tsinto tsohuwa a wuraren gwanjo irin su Haraj ko kasuwar Sawarikh, yana neman inda zai kai ta. Kai ko yaron shagonka, ɗaya ya zauna da mai gyara ya koyi aikin. Kayan aikin ba su da yawa: alanki na inci da na milimita, don na Amurka da na Asiya ba su cika haɗuwa ba, ƙaramar rula ta ƙarfe, ma'aunin rata, magagari siriri, da na'urar daidaita murya. Wanda ya zo saiti zai sayi tsirkiya, don gumi da iskar teku suna cinye ta da wuri, zai sayi waya da maɗaurin rataya da batir mai bolt 9. Waɗannan ke juyawa kowane wata, jita kuwa mutum yakan yi shekaru bai sake ba.

Da ni ne kai, ƙanena, zan ce wa dillali ya aiko da guda uku, ba tambarin kowa, in biya kuɗinsu da na jirginsu. In ya ƙi, ya ba ni amsa. A gefe guda zan je wurin wakilan Yamaha da Ibanez da Cort da Squier na cikin ƙasa in ji farashin sari. Ribar kowace ba ta kai ta dillali ba, amma akwai garanti, kuma sunan yana sayar da kansa. Zubin farko kada ya wuce goma sha biyu: bakwai masu inci 34 da tsirkiya huɗu, uku gajeru, biyu masu tsirkiya biyar, yawancinsu baƙi ko ruwan zuma mai duhun gefe, don ja da shuɗi sukan daɗe a rataye. Ka ware kamar Riyal 3,000 don tsirkiya da kayan aiki, ka bar akalla 10,000 ba ka taɓa ba har ka ga wanne ke fita. Ka kuma duba sijil ɗinka, in sayar da kayan kiɗa ba ya ciki, a ƙara shi kafin kaya su iso.

In guda ukun sun zo, ka saita su, ka bar su sati biyu a shago, sannan ka sake danne tsirkiyar ka leƙa mataki na takwas. Ka rubuto mini abin da ka gani da nauyin kowace, sai mu sake zama a kan maganar guda arba'in.