Wa ake fara sallama idan kamfani zai rage ma'aikata?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa aka sallami abokin aikinka mai ƙwazo aka bar waɗanda ba su kai shi ba. Allah ya musanya masa da mafi alheri. Abin ya taɓa ni, domin na taɓa zama inda ake tsara irin wannan jerin sunaye.

Ba da sunan mutum ake farawa ba. Sashen kuɗi ke faɗin adadin da za a zaftare daga albashi, sai shugabanni su duba sashen da ba ya kawo riba, ko aikin da mutum biyu ke maimaitawa. Idan kujerarka ta faɗa ciki, da wuya ƙwazo ya cece ka.

Daga nan ake zuwa kan mutane: makin aikin shekarun baya, ƙwarewar da za a buƙata nan gaba, nauyin albashi. Inda ƙungiyar ƙwadago ke da ƙarfi, sau da yawa wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya. A nan kuma son rai ke kutsowa. Na ga manaja ya ɗora biro kan suna, ya ɗaga, ya koma kan na ƙasa, don kawai na farkon yana kawo masa rahoto ido da ido, ɗayan kuwa aikinsa a shiru yake yi. Wannan zalunci ne.

Lauyoyi ke duba jerin a ƙarshe, kada ya zama wariyar jinsi ko shekaru. A Amurka, wata doka ta 1988 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 100 ko fiye ba da sanarwar kwana 60 kafin sallamar jama'a da yawa.

Ka ce wa abokinka ya nemi dalilin a rubuce, kuma kada ya sa hannu kan takardar kuɗin sallama sai ya karanta ta tsaf.