Amsa: ɗaukaka ƙara idan nuna mutum da yatsa ne kaɗai hujja

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kotun laifuka a Jidda ta ɗaure ƙanenka shekara 5 kan ƙwacen waya da kuɗi da dare, kuma abin da aka riƙe kawai shi ne wanda aka yi wa ƙwacen ya nuna shi a ofishin 'yan sanda. Kana tambaya ko ɗaukaka ƙara za ta yi amfani. Allah ya kawo mafita.

Ku fara da ƙirga kwana. Dokar shari'ar laifuka ta Saudiyya ta 1435 Hijira ta ba da kwana 30, daga washegarin ranar da aka karɓi kwafin sakkin hukunci, wato takardar hukuncin kotu, ko ranar da kotu ta sa a karɓa. In suka wuce, hukunci ya zauna daram. Na kisa da na yanke gaɓa ne ake kai wa sama ko ba a nema ba. Ana shigar da takardar ɗaukaka ƙarar ta Najiz, shafin intanet na Ma'aikatar Shari'a, da lambar sakki, kwanan watansa, dalilai, da abin da ake nema. In ba ku da kuɗin lauya, a manyan laifuka ƙanenka yana iya roƙon kotu ta ɗaukar masa.

Inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne cika takarda da "yaron kirki ne, shi ke riƙe da mahaifiyarsa". Wannan roƙon sassauci ne, ba ya taɓa hujja. Alƙalai 3 da za su duba fayil kuskure suke nema, da shafin da yake.

Lauya ya ciro takarda biyu ya jera su: rahoton farko da mai ƙara ya bayar, da takardar ranar da ya nuna ƙanenka. Me ya faɗa a daren? In "baƙi ne, dogo" kawai ya ce, ai rabin samarin unguwa ke nan. Ya ambaci gemu, tabo, tsaga, ko kuwa sai bayan ya ga yaron ya tuno da su? Sannan yaya aka nuna shi? Cikin mutane masu kama da shi, ko shi kaɗai aka fito da shi da ankwa aka ce "shi ne?" Ko an riga an nuna hotonsa a waya? Wannan wurin ya fi ko'ina nauyi, domin da zarar mutum ya nuna fuska sau ɗaya, ita zai yi ta nunawa har gaban alƙali, yana rantsuwa da zuciya ɗaya, alhali fuskar ofis yake tunawa ba ta titi ba. A haɗa da haske, tazara, daƙiƙa nawa abin ya ɗauka, ko ɓarawon ya rufe fuska da shimagi, ƙyallen da mazan Saudiyya ke yafawa a kai. Wanda aka ɗora wa wuƙa, wuƙar yake kallo. Kuma mutum ya fi rikita fuskokin waɗanda ba launin fatarsu ɗaya da shi ba.

A fiƙihu wanda aka yi wa ƙwace mai ƙara ne, ba ya zama shaidar kansa. Amma kada ku jingina da "babu shaidu biyu" kawai. Haddin hiraba, wato fashi da makami, shi ne ke buƙatar maza biyu adilai ko iƙirari. Shekara 5 ta'aziri ne, wato horon da ba haddi ba, kuma a nan alƙali na iya dogara da alamomi. Abin da zai taimake ku shi ne tun 2019 aka hana hukunta mutum kan zargi: ko laifi ya tabbata, ko a wanke shi. Ku karanta yadda sakkin ya ce laifin ya tabbata, kalma bayan kalma.

Ku tambayi ƙanenka ko ya dangwala yatsa a wata takarda, da ko akwai tafinta lokacin. Sau da yawa dangi na cewa ba hujja, ashe iƙirari na kwance a fayil da Larabcin da bai iya karantawa ba.

In a wurin aiki yake a daren, ku nemi rajistar shiga da fita, da shaidu biyu da cikakken sunansu. Kamara kuwa, yawancin na'urori na share tsohon ɗauka, wataƙila an makara. A roƙi kotu ta nemi bayanin inda layinsa yake a lokacin, da inda lambar IMEI (lambar shaidar jikin waya) ta wayar da aka ƙwace ta ɓulla.

Duk abin da kuke da shi ku zuba a wannan matakin. Kotun Ƙoli a Riyad saɓa wa shari'a ko doka take dubawa, ba ta sake auna wa ya ga wa.